Kifin da Ƙwaro Ya Ƙi Ci

Har yau idan wani ya tsaya gaban tabarmata a Kasuwar Litinin, ya ɗaga banda ya shinshina, ya ce, "Kai, an daina yin irin ta Ya Gumsu," sai raina ya ɓaci. Shekaranjiya ma wani dattijo da ya sha rawani ya faɗa, na ce ya ajiye mini kifina ya ƙara gaba. 'Yan matan da ke gefena suka yi ta ƙunshe dariya, wai tsufa ya sa Talatu faɗa. Ba tsufa ba ne. Shekara da shekaru na zauna kusa da Gumsu, gwiwa na gugar gwiwa, na kuwa san abin da bandar nan ta yi wa gidanta.

Na zo Yerwa a shekarar hamsin da uku, a bayan motar goro, ni da maigidana Inuwa, daga Kano. Muka sauka a Hausari. Ban san kowa ba, ba na jin ko "zo" da Kanuri, sai na kama sana'ar kifi don ita na ga tana tafiya a garin. Ranar da na fara shimfiɗa tabarma, matar da ke kusa da ni ta dube ni sama da ƙasa. Doguwa ce, baƙa, haƙoranta jawur da fure, tafin hannunta kullum baƙi ƙirin da lalle.

Ta ce, "Wushe, Afuno. Kifi ka kawo ko itacen girki?"

Wushe sannu ce, Afuno kuma shi ne Bahaushe a bakinsu. Hausarta kuma ba ta raba mace da namiji, "ka" ta ce mini ranar, "ka" ta ci gaba da ce mini har ta koma ga Allah. Na ce mata ko itace ne ya fi nata ƙamshi. Ta kwashe da dariya, ta miƙo mini ɓarin goro. Haka muka fara, kuma kusan haka muka zauna, muna cin goron juna muna zagin kifin juna.

'Yar masunta ce, a bakin ruwa aka haife ta, wajen uwarta ta koyi ƙyafe kifi. Mijinta Ba Ajimi masunci ne, mutum marar magana. Sau shida ta haihu, biyar suka koma tun ba su yi haƙori ba. Da ta shidan ta zo, Kaltum, dangi suka ce gidan ne ba ya riƙe yara, ana yaye ta aka miƙa ta ga gwaggonta a Umarari. A can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji. Gumsu kan ganta da salla da ranar biki, ta dawo kasuwa ta ishe ni da labarin tsawonta da kitsonta. Ita ke nan gare ta a duniya.

Duk mai sayar da banda ta san maƙiyinta. Wani ɗan baƙin ƙwaro ne, bai kai ƙwayar wake ba. Ki ƙyafe kifinki ya bushe ƙarau, ki zuba a kwando, kafin sati biyu ya shiga ya zuba 'ya'ya, tsutsotsi masu gashi. Ki ɗaga tarwada ki ji ta sakayau, ki karya ki ga gari yana zuba. Fataken da ke loda banda zuwa Jos da Anacha sun fi kowa tsoronsa, don idan damina ta ɓata hanya mota kan yi sati ba ta isa ba, a buɗe buhu a tarar da ƙaya da fata.

To, tun wajen hamsin da shida bandar Gumsu ta daina yin ƙwaro. Wata uku, wata huɗu, ki karya ki ga tsoka cif. Ko ƙuda ba ya daɗewa a kanta. Fatake suka riƙa tsallake tabarmata kamar ba su ga mutum ba, su durƙusa a gabanta. Wasu suka ce albarkar hannu ce, wasu suka ce wani malami a Shehuri ya rubuta mata laya. Ita kanta cewa take addu'ar uwarta ce ta bi ta, kuma da gaske ta yarda da haka.

Ni fa? Ni bakina bai zauna ba. Na ce da kashin jaki take ƙyafewa. Na ce tofi take yi a kai. Wata rana da haushi ya ci ni, na ce da ruwan wankan gawa take wankewa, na faɗa a gaban mutane. Ban ga ko ɗaya da idona ba, baƙin ciki ne kawai, kowa ma ya san baƙin ciki ne. Gumsu kan ce, "Afuno, ka sha ruwa, maƙogwaronka zai bushe." Na ambaci wannan ne don ranar da na zo da gaskiya, na riga na ƙarar da bakina a kan ƙarya.

Abin da ban sani ba a lokacin, don ba ta gaya wa kowa inda suke kamun kifi, shi ne wannan. Kogin Ngadda mai zuwa da tafiya ne. Da kaka ya cika ya tumbatsa, da rani ya tsinke ya bar gurabe nan da can. Ƙasa da gari kaɗan wani kamfanin fatu da ƙiraga ya kafa rumfunan kwano, daga bayan katangarsa wata kwata ta siminti ta gangaro cikin wani gurbi. Wari ya kori sauran masunta. Ba Ajimi ya daure wa warin, ya tarar gurbin ba ya ƙafewa ko da bazara, tarwadarsa kuma ta fi ta ko'ina ƙiba, don tana cin kitse da tsokar da ake kankarewa daga jikin fatu. Shi ya kama, ita ta fafe cikin kifin a nan bakin kwata. Ruwan kwatar fari-fari ne, amma yana gudu, a idon mai tsabta kuwa ruwa mai gudu ya fi na kwance. Sai ta jiƙa kwandon kifin a ciki ta tafi yankan ciyawar wuta. Akwai wani allo a bakin gurbin da jan rubutun Turanci. A kansa Ba Ajimi ke rataye rigarsa kafin ya shiga ruwa.

Ita Gumsu ba ta cin kifi, ta ce hayaƙinsa kaɗai ya ƙosar da ita tun tana yarinya. Amma mai gida shi ke cin na gaba-gaba, kai da hanta da ƙwai, safe da yamma. A sittin da ɗaya na fara lura da hannuwansa idan ya sauke mata kwando. Tafin ya yi wata irin kanta, ƙulli-ƙulli kamar an watsa tsakuwa a ƙarƙashin fata, wuyansa da ƙirjinsa sun yi ɗigo-ɗigo baƙi. Daga nan ya fara jan ƙafa. Takalmi yakan zare ya bar shi a hanya bai sani ba. Aka ce aljanin ruwa ne, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Wasu suka ce a binciki Afunon da ke gefen matarsa, na kuwa ji da kunnena. Shekara ta zagayo ya rasu. Da ta fita takaba, Gumsu ta ɗaure zane ta riƙa shiga gurbin da kanta da tarkunan da ya bari, abin da mata ba sa yi, don kada wani ya gane wurin.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Yerwa, gari duk ya tafi kallon hayaƙinsa, Kaltum ta haifi 'ya mace, aka sa mata Yagana. Haihuwar fari ce, don haka aka kawo ta wankan gida wurin uwarta. Ban taɓa ganin Gumsu haka ba. Ta zo kasuwa tana rawar kafaɗa, ta cusa mini goro guda cur, ta ce, "Afuno, shekara ashirin wata ce ke ba 'yata abinci. Yanzu kwana arba'in nawa ne, ni kaɗai." Ta daina sayar da manyan tarwada. Fatake suka yi magiya, ta ce na mai jego ne. Farfesu sau uku a rana, da kai da hanta da komai, ga dakakkiyar banda a cikin miya.

Da na je barka bayan suna, na tarar Kaltum ta yi amai ta kwanta. Aka ce jego ne, jiki ya saki. Maganin jikin da ya saki kuwa a ƙara farfesu. Na ga an ƙara, har na ce Allah ya ba da lafiya na fito.

Akwai wani lebura mai suna Pindar, mutumin Biu, da ya daɗe yana sayen kifi a wurina. Ko bandata ta fara gari shi zai saya, bai taɓa ko duban ta Gumsu ba. Ranar nan Kaltum tana da kwana ashirin da haihuwa, Gumsu ba ta fito ba, na tsokane shi.

Na ce, "Kai Pindar, kai kaɗai ne mai hankali a garin nan, ko kai kaɗai ne ba ka san daɗi ba?"

Ya dubi wurin zamanta, ya ga ba kowa, ya rage murya. Ya ce, "Mama, ni nake dama maganin."

"Wane magani?"

Ya ce a kamfanin fatu yake aiki. Ƙwaron da ke cin banda shi ne dai ke cin ƙirgi, don haka kafin a shanya fata sai an tsoma ta a wani tankin siminti. Farin gari ake kawowa a duro, da hoton ƙoƙon kan mutum a jiki, shi yake zubawa ya dama da sanda. Fatar da ta sha ruwan nan har Ingila za ta kai ƙwaro bai taɓa ta ba. Idan ruwan ya yi datti a zare toshiya ya bi kwata. Ya ce ta saman katanga yana hango matar nan tana jiƙa kifinta a ciki. Sannan ya buɗe mini tafin hannunsa. Hannun Ba Ajimi ne sak, har da ƙulle-ƙullen.

Na ce, "Kana gani shekara nawa?"

Ya ce ya taɓa yi wa mijin tsawa ta kan katanga, mijin ya ɗauka so yake ya kore shi ya gaje gurbin, ya ɗaga masa sanda. Manaja kuma ya ce duk wanda ya fitar da maganar cikin kamfani waje ya bi ta. Yara huɗu gare shi, in ji shi.

Na zage shi, na zagi manajansa, na bar tabarmata a buɗe na kama hanya. Ban ko ɗauki mayafi sosai ba.

Na shiga gidan ba sallama. Mata uku na dangi suna tsakar gida, Kaltum tana jingine da bango, ta rame, laɓɓanta sun bushe, Gumsu tana durƙushe a gabanta da kwano tana ba ta a baki. Na faɗi duk abin da na ji, ina haki, na haɗa gaba da baya.

Gumsu ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Da ka ce kashin jaki. Ka ce tofi. Ka ce ruwan gawa. Yau kuma guba. Afuno, a kasuwa na ƙyale ka, nan ɗakin 'yata ne."

Na ce, "Ya Gumsu, na rantse da Allah, wannan karon gaskiya ne. Ki tuna hannun Ba Ajimi."

"Kada ka kama sunan mijina."

Ta ɗebo wani cokali. Ban san sanda na kai hannu na doke kwanon ba, romo ya watsu a bango, jaririya ta tsala ihu. Matan nan suka yi caa a kaina, suka fitar da ni har zanena yana kwancewa. Da yamma Bulaman unguwarsu ya aiko wa Inuwa cewa ya ja wa matarsa kunne, idan na sake taka gidan, maganar sammun da aka binne za a tono ta. Na nemi Pindar ya zo ya faɗa da bakinsa, ya ɓuya mini.

Kwana bakwai ina zuwa ƙofar gidan ana koro ni. Kwana bakwai! Sau uku a rana ana ɗura wa yarinyar nan, ni kuwa ina tsaye a waje ina ihu kamar mahaukaciya, ina ƙara tabbatar musu da abin da suke zato. Har yau idan na tuna, kaina nake fara jin haushi, don dabarar da ta zo mini a rana ta bakwai ba ta fi ƙarfin yaro ba. Na karɓi tarwada guda ta Gumsu daga hannun wani falke, na sa a ƙwarya. Na karya ruɓaɓɓiyar bandata na kakkaɓe ƙwari da tsutsotsi cike da tafi, na zuba a kai, na rufe da faifai na ɗaure. Ba su da abin ci sai ita.

Bayan kwana biyu na ɗauki ƙwaryar na je, da hantsi. Wannan karon na yi sallama, na tsaya a zaure. Da Gumsu ta fito na ajiye a gabanta. Ta san kifinta, don ita kaɗai ke lanƙwasa tarwada ta soke wutsiya ta wannan gefen. Ta ɗaga faifan. Ƙwarin sun ɗan ci gefen ciki. Duk suna kwance a gindin ƙwarya, ƙafafu sama, ko ɗaya ba ya motsi.

Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta juya su. Shekara takwas tana alfahari ƙwaro yana ƙin kifinta, ba ta taɓa tsare shi ta ga abin da zai faru idan ya ci ba.

Ta ce, "Ba ƙi yake ba. Mutuwa yake."

Sai ta juya ta dubi ƙofar ɗakin da 'yarta ke kwance, ta yi wata ƙara da ban so in sake jin irinta.

A amalanke muka kai Kaltum asibiti, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Wani malamin asibiti mai suna Dzarma ya karɓe mu. Ya kama yatsunta ya duba gindin farce, inda sabo ya tsiro ƙasa da lalle, ya nuna mana wani farin layi a kwance a kowanne. Ya ce Gumsu ta buɗe nata hannun. A ƙarƙashin baƙin lallen nan da na yi shekaru ina gani, ƙulle-ƙullen suna nan. Ya ce sunan gubar asinik, dangin abin da ake sa wa a maganin ɓera. Ya ce irin wannan ba ta ruɓewa, wuta ba ta kashe ta, hayaƙi ba ya korar ta. Tana kwanciya a laka, tarwada ta ci laka, ta taru a hantarta da kanta, ga kuma wadda kifin ya sha a kwata. Kaɗan-kaɗan take taruwa a jikin mutum har ta ci jijiya. Na tambaye shi, da mun zo kwana tara da suka wuce fa? Ya dube ni, ya ce mu bar wa Allah. Na gane amsar.

Aka raba Yagana da nono ranar. Kaltum ta yi wata biyu a kwance, ta rayu. Amma hannuwanta da ƙafafunta ba su dawo ba.

Muka je kai ƙara, ni da Gumsu da Bulaman nan da ya ja mini kunne, yanzu yana ta sunkuyar da kai. Wani ofishi ne a GRA, da itatuwan darbejiya a jere da ciyawa shar ana ba ta ruwan famfo. Muka wuni a baranda. Da la'asar wani akawu ya fito da takarda, ya ce an tuntuɓi kamfani, kamfani ya ce ya kafa allon gargaɗi tun ranar da ya gina kwatar, doka ta cika.

Na ce, "Da wane yare?"

Ya ce da Turanci mana.

Na ce, "Masuncin Ngadda nawa ka sani da ke karanta Turanci? Ko tarwadar ce za ta karanta? Kun iya turo mai shela da ganga har cikin kasuwa idan haraji kuke so. Kun iya Kanuri ranar zaɓe. Amma ranar da za a ce wa mutum kada ka ci wannan za ka mutu, sai Turanci?"

Ya ce in iya bakina, nan ba kasuwa ba ce. Ya ce fatun nan su ke kawo wa ƙasa arziki, kuma ba wanda ya aiki kowa kamun kifi a bayan katangar mutane. Masinja ya rako mu har bakin titi. Abin da ya biyo baya shi ne an cire allon an kafa wanda ya fi shi girma, da Turancin dai. An kori Pindar. Kwata ta ci gaba da zuba, da kaka kogi ya cika ya kwashi lakar gurbin ya yi gaba da ita, zuwa inda wasu ke su, wasu ke ɗiban ruwan sha. Fatar saniya an tsare ta daga ƙwaro har Ingila. Mu da ke bakin kogin ba a ga ya kamata a turo mana ko mutum ɗaya ya yi magana ba.

Ranar Litinin da ta biyo, Gumsu ta sa aka kwaso duk bandar da ta tara, buhu shida, aka zube a bayan kasuwa inda ake zubar da shara. Ta tsaya ta faɗa da Kanuri, ta maimaita da Hausarta, cewa kifinta guba ne, shi ya kashe mijinta, shi ya nakasa 'yarta, wanda ke da saura a gida ya haƙa rami ya binne. Ta zuba kananzir ta kunna. Kun san abin da fatake suka yi? Biyu daga cikinsu suka riƙe hannunta suna roƙo ta bar musu, wai can kudu wa zai sani. Ni na ɗauki itace na bi su. Har yau ina tunanin buhunan da suka riga suka tafi a shekara takwas, da tukwanen da suka shiga, da waɗanda aka ce musu aljani ne.

Ba ta bar sana'a ba, don ba ta san wata ba. Ta koma sayen ɗanyen kifi daga masu kawowa daga sama da gari, ta ƙyafe, ya yi ƙwaro kamar na kowa. Masu saye suka watse. Waɗanda suka ji shelarta suka ce ta haukace, waɗanda ba su ji ba suka ce hannunta ya lalace, albarkar ta tashi. Su ne har yau ke tsayawa a gabana suna kewar irin ta da.

Muka ci gaba da zama gwiwa da gwiwa, amma ban ƙara zagin kifinta ba, ita ma ba ta ƙara zagin nawa ba, kasuwar ta yi mana shiru. Idan an tashi nakan bi ta gida. Mijin Kaltum bai sake ta ba, yana zuwa, amma a gidan uwarta ta zauna, don sai an ɗaga ta an kwantar. Ranar da ta ce a ɗora mata Yagana a baya ina wurin. Aka ɗora. Ta kama bakin zanen za ta ɗaure, yatsun suka ƙi haɗuwa. Ta sake gwadawa, ta sa haƙori, yarinyar ta fara zamewa ba ta ji ba, sai da Gumsu ta tare ta. Kaltum ba ta yi kuka ba. Ta ce wa uwarta, "Ya, ki ɗauke ta." A bayan Gumsu da bayana Yagana ta girma.

Gumsu ta samu abin da ta yi shekara ashirin tana nema. Ita ta ci gaba da ba 'yarta abinci a baki, ba kwana arba'in ba, har ƙarshen ranta.

Da Yagana ta isa cin tuwo, wata rana na tarar da su a tsakar gida za a sa kifi a miya. Gumsu ta ɗauki banda ta karya, ta kai kusa da ido tana dubawa. Tsoka ce cif, mai kyau, wadda da a da za ta ɗaga ta nuna wa kasuwa. Ta jefar da ita gefe. Ta karya ta biyu, ta jefar. Yarinya tana ta kukan yunwa, Kaltum tana zaune hannuwa a cinya tana kallo. A ta uku gari ya zubo, wani ɗan baƙin ƙwaro ya fito da gudu ya hau yatsanta. Ta tsaya tana kallonsa har ya kai wuyan hannu, da ransa, yana ta sauri.

Ta ce, "Alhamdulillahi." Ta hure shi, ta kakkaɓe kifin, ta sa wa jikarta a miya.